Fanka da Batir: Masu Tsaron Injin Mota Cikin Bazara

Ranar kasuwa ce, tsakiyar bazara. Mota ta baro gari tun hantsi. An loda mata buhunan wake, an ɗaure tumaki bisa, mutane sun cika ta har ba wurin miƙe ƙafa. Bisa kwalta tana gudu lafiya lau. Da ta ratse ta shiga rairayi, sai tafiya ta koma ta hawainiya. Inji yana kuka, mota tana ja da ƙyar. Ba a jima ba tururi ya taso daga gaba. Direba ya tsaya. Kowa ya sauka ya nemi inuwar aduwa. Kasuwa ta ci ta watse, ba su iso ba.

Duk mai shiga mota tsakanin Yamai da Damagaram, ko tsakanin Birnin Konni da Tawa, ya san irin wannan rana. Wani lokaci asarar ciniki ce kawai. Wani lokaci kuwa mai naƙuda ce kwance cikin motar, ana gaggawar kai ta asibiti. A wurin da babu rijiya, lalacewar mota na iya zama ajali. Cikin watan Oktoba na shekarar 2013, mutum 92 sun mutu da ƙishirwa cikin hamada, arewa da Arlit, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara. Da yawa daga yankin Kance suka fito.

Mota na lalacewa ta hanyoyi da yawa. Cikin bazara, zafi na daga cikin manyan cututtukanta. Sau da yawa kuma ba babban ƙarfe ne ya karye ba. Wata ƴar waya ce ta saki, ko fanka ta ƙi tashi, ko batir ya gaji. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Sanin wannan ba na direba da makaniki kaɗai ba ne. Akwai manomin da ya sai da amfanin gona ya sayi mota. Akwai makiyayin da ya sai da bijimai ya saya wa ɗansa. Akwai ƴan ƙungiya da suka haɗa kuɗi. Akwai fasinja, wanda ya ba direba amanar ransa. Dukansu ya kamata su san abin da ke ƙarƙashin murfin inji.

Daga ina zafin ke fitowa?

Injin mota murhu ne rufaffe. Cikinsa ake ƙona fetur ko gazuwal. Kowane minti wuta na tashi ciki sau dubbai. Ƙarfin wutar ke tura ƙarfe, ƙarfe ya juya ƙafafun mota.

Ba dukan ƙarfin mai ke zama tafiya ba. In an raba shi kashi uku, kusan kashi ɗaya ne ke tura mota. Kashi ɗaya na fita tare da hayaƙi ta salansa. Kashin da ya rage na zama jikin inji, yana gasa shi. Dole a fitar da wannan zafi. In ba a fitar ba, man inji ya tsinke kamar ruwa, kan inji ya lanƙwashe. Faifan da ke tsakanin kan inji da gindinsa, wanda makanikai ke kira gasket, ya ƙone. Daga nan ruwa ya gauraya da mai. Ƙarshenta inji ya buga.

Inji kuma ba ya son sanyi. Ya fi aiki da kyau in ruwansa na wajen digiri 90. Ruwa kuwa na tafasa a digiri 100. Kenan tsakanin lafiyar inji da ciwonsa tazara kaɗan ce. Cikin Afrilu da Mayu, zafin rana a Maraɗi, Tawa da Damagaram na wuce digiri 40. Iskar da za ta sanyaya inji, ita kanta da zafi take zuwa.

Yadda ruwa ke zagaya

An yi wa jikin inji hanyoyi ta ciki, kamar hanyoyin ruwa cikin lambun albasa. Wani ɗan famfo ke tura ruwa cikinsu. Ruwa ya kwashi zafi, ya bi tiyo na sama, ya faɗa cikin lagireto. Lagireto shi ne ƙarfen nan mai kama da saƙar zuma da ke can gaban mota. Masu jin faransanci na ce masa radiyatar. Cikinsa ƙananan bututu ne masu yawa. Ruwa na rarrabuwa cikinsu, iska na ratsa tsakaninsu. Haka uwargida ke zuba kunu cikin faffaɗar ƙwarya, ta yi masa fifita don ya huce. In ruwa ya huce, ya bi tiyo na ƙasa ya koma cikin inji.

Bisa wannan hanya akwai wata ƴar ƙofa, sunanta tamostat. Da safe, in inji na da sanyi, rufe take. Ruwa ba ya zuwa lagireto sai inji ya ɗumama. In zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, ta buɗe da kanta.

Murfin lagireto ma yana da aiki. Yana danne ruwa, ya hana shi tafasa da wuri. Da murfi mai kyau, ruwa na iya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta ci, ko tsumman da aka cusa madadinsa, ba su yin wannan aiki.

Duk wannan shiri da iska ya dogara. In mota na gudu bisa kwalta, iska na shiga lagireto da kanta. In mota ta shiga rairayi, ko cinkoson kasuwa, ko tana tsaye a tasha inji na aiki, iska ta ɗauke. Inji na wahala, ba mai yi masa fifita. Nan ne aikin fanka.

Fanka iri biyu ce

Ta farko ita ce wadda inji ke juyawa da igiyar roba, wato fambel. Ita ke cikin manyan motocin kaya, da mafi yawan Toyota Hilux da Land Cruiser. Ita ce kuma cikin Peugeot 404 da 504, waɗanda suka yi shekaru suna jigilar mutane da kaya bisa hanyoyin Nijar. An fara ƙera 404 cikin 1960, 504 kuma cikin 1968. Da yawa daga cikinsu na da maganaɗisun lantarki da ke kama fanka in ruwa ya yi zafi, ya sake ta in ya huce. Irin wannan fanka tana da juriya. Amma gudunta na bin gudun inji, kuma tana cin wani abu daga ƙarfinsa.

Ta biyu ita ce fankar lantarki. Tana da ɗan injinta na kanta, wanda wuta ke juyawa. Ita ke cikin mafi yawan ƙananan motocin yanzu, irin su Toyota Corolla. Dalili shi ne, injin waɗannan motoci a gicciye yake kwance. Gefen da ke juya fambel na duban gefen mota, lagireto kuwa na duban gaba. Fambel ba zai kai ga fanka ba. Sai aka ba ta wuta.

Amfanin fankar lantarki shi ne ba ta tashi sai da bukata. In ta tashi kuma, da cikakken ƙarfi take juyawa, ko da mota na tsaye. Rauninta ɗaya ne: in babu wuta, babu fanka.

Wa ke gaya wa fanka ta tashi?

Tsakanin batir da fanka akwai ƴan abubuwa uku. Kowane bai wuce a riƙe shi cikin tafin hannu ba.

Na farko makunnin zafi ne. An ɗaura shi jikin lagireto ko jikin inji, bakinsa cikin ruwa. In ruwa ya kai wajen digiri 95, ya ba da sanarwa. In ruwa ya sauka kaɗan, ya janye. Cikin motocin zamani, ma'aunin zafi na gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta ba da umurni.

Na biyu shi ne rele, wani ɗan akwati baƙi. Fanka na jan wuta mai yawa, wadda makunnin zafi ba zai iya ɗauka ba. Shi makunni kamar yaro ne da aka sa gadin lambu. In ya ga shuka na bukatar ruwa, ba ya iya ɗaga ƙofar dam. Sai ya kira ƙato ya ɗaga. Rele shi ne ƙaton. Ƴar wuta kaɗan ke taɓa shi, ya buɗe wa babbar wuta hanya.

Na uku shi ne fis. Siririyar waya ce cikin ɗan gidan roba. Da gangan aka yi ta ba ƙarfi. In wuta ta yi yawa, ita ke narkewa, ta yanke hanya, sauran mota ta tsira. Kowane fis na da lamba da launi. Mai lamba 10 ja ne. Mai 15 shuɗi ne. Mai 20 rawaya ne. Mai 30 kore ne. In fis ya ƙone, a sa wani mai lamba ɗaya da shi. Kada a sa mai lambar da ta fi. Kada a naɗa waya ko takardar taba madadinsa. Mai yin haka ya kori mai gadi ne, ya bar gida ga gobara. In sabon fis ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko kuma injin fanka ya cije. Sai a nemi wurin.

Akwai gargaɗi babba a nan. Cikin motoci da yawa fanka na iya tashi ko an kashe inji, ko an zare makulli. Kada kowa ya sa hannu kusa da ita in inji na da zafi. A kula da hannun riga, da bakin rawani, da yara masu leƙe.

Batir, rumbun wuta

Batir ba ya haifar wuta. Ajiye ta yake yi, kamar yadda rumbu ke ajiye hatsi. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro irin wannan batir cikin shekarar 1859. Da can da hannu ake murɗa inji a tayar da shi. Cikin 1912 ne motar Cadillac ta Amurka ta fito da sitata, wato ɗan injin lantarki mai tayar da babban inji. Tun daga nan batir ya zama dole ga mota.

Cikin akwatin batir akwai ɗakuna 6. Kowane ɗaki na da faifan darma iri biyu, tsome cikin ruwan batir. Ruwan nan kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne, sauran ruwa ne zalla. Ƙarfin turin wuta ana auna shi da bolt. Kowane ɗaki na ba da bolt 2 da ɗan ɗori. In an haɗa ɗakuna 6, cikakken batir na nuna bolt 12,6. Shi ya sa ake rubuta 12 V a jikinsa. Manyan motocin kaya na haɗa batir biyu su ba da 24.

In ana jan wuta, asid na shiga cikin darma, ya zama wani farin gishiri bisa faifai. Ruwan batir ya yi salam. In an mayar da wuta, gishirin ya narke, asid ya dawo cikin ruwa. Haka abin ke kai da kawowa. Amma in aka bar batir fanko kwana da kwanaki, gishirin ya daskare, ya ƙi narkewa. Batir ya mutu kenan, ko sabo ne.

Yawan wutar da ke gudu cikin waya ana auna shi da amfa. A jikin batir ana ganin lamba da haruffa Ah, misali 60 Ah. Wannan shi ne girman rumbu. Sitata na jan amfa 100 ko fiye, amma na ɗan lokaci ƙalilan. Fanka na jan wajen amfa 10 zuwa 20, muddin tana juyawa. Ga lissafi: batir mai 60 Ah, fanka mai jan amfa 15. A raba 60 gida 15, a sami 4. Kenan cikin awa 4 fanka kaɗai za ta share rumbu, in inji ba ya aiki. Tun kafin nan ma, abin da ya rage ba zai iya tayar da mota ba.

Dinamo, gonar da ke cika rumbu

Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙarewa yake yi. Mai zuba wa batir shi ne dinamo, wanda makanikai ke kira altanata. Fambel ke juya shi. Cikinsa maganaɗisu na juyawa tsakiyar wayoyin jan ƙarfe da aka nannaɗe, wuta ta samu. In inji na aiki, dinamo ke ciyar da fanka, da fitilu, da rediyo. Abin da ya rage ya zuba cikin batir. In an auna kan batir lokacin da inji ke aiki, ya kamata a ga wajen bolt 14.

In dinamo ya gaza, mota ta koma cin abin da ke rumbu. Wuta na raguwa, fanka na sanyin jiki, inji na ƙara zafi. In kuma dinamo ya wuce kima, ya dafa batir. Batir ya kumbura, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwansa ya ƙafe.

Kenan abin sarƙa ce. Fambel ke juya dinamo. Dinamo ke cika batir. Wuta ke bin fis da rele ta kai ga fanka. Fanka ke sanyaya ruwa. Ruwa ke tsare inji. Ko wace gaɓa ta tsinke, inji ne zai biya.

Dabarar da ke cutarwa

A garaji da yawa, in mota ta fara zafi, sai a cire tamostat a jefar. A kuma haɗa fanka kai tsaye, ta yi ta juyawa ba tsayawa. Mai mota ya ga allurar zafi ta sauka, ya yi murna. An rufe ciwo ne kawai, ba a warkar ba.

Ga abin da ke biyo baya. Injin fanka ba a yi shi don aikin dare da rana ba. Zai gaji da wuri, ya mutu ranar da aka fi bukatarsa. Dinamo na ɗaukar nauyin banza. Lokacin hunturu, inji ba ya kai zafin da yake so, sai ya ƙara shan mai, ya kuma saurin cinyewa. In an haɗa wayar ba fis, gobara na iya tashi. In an haɗa ta jikin batir aka manta, da safe mota ba za ta tashi ba. Ainihin ciwon kuwa, ko lagireto ne ya toshe, ko makunnin zafi ne ya mutu, yana nan yana jira.

Haɗa fanka kai tsaye dabara ce ta fita daji. A yi ta da fis bisa waya, a isa gari, a gyara abin da ya lalace, a mayar da komai yadda yake.

Alamomin da kowa zai iya ganewa

Bisa allon da ke gaban direba akwai allurar zafi, da jar fitila mai hoton batir. Fasinjan da ke gidan gaba ma na iya ganinsu.

1. In mota na zafi a rairayi ko a tsaye, amma ta huce in ta hau kwalta, a tuhumi fanka. A fara da mai araha: fis, sannan bakin wayoyi, sannan rele, sannan makunnin zafi. Injin fanka shi ne na ƙarshe.

2. In mota na zafi ko tana gudu, a duba ruwa, da tiyo, da famfo, da tamostat. A duba gaban lagireto ko ƙaiƙayi, ciyawa, fara da laka sun toshe shi.

3. In fitilar batir ta kama ana cikin tafiya, dinamo ya daina cika batir. A kashe rediyo da na'urar sanyaya mota, a nufi makaniki mafi kusa.

4. In fitilar batir ta kama, allurar zafi kuma ta fara hawa tare da ita, wataƙila fambel ya tsinke. Cikin motoci da yawa fambel ɗaya ke juya dinamo da famfon ruwa. A tsaya nan take.

5. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas, fitilu suka dushe, batir ya yi rauni ko kansa ya yi datti.

In mota ta tafasa

A tsaya, a kashe inji. In da hali a juya gabanta wajen iska. A jira tururi ya kwanta kafin a ɗaga murfin inji. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan da ke ciki a danne yake. In an buɗe, zai yi tsalle ya sale fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30. Sannan a rufa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali, iska ta fita tukuna.

Kada a kwara ruwan sanyi bisa inji mai zafi. Tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta, in an zuba mata ruwan randa, tsagewa take yi. Haka kan inji.

Ruwan rijiya na da gishiri da kanwa. Suna yin ɓawo cikin lagireto, kamar farin ɓawon da ke kama cikin butar shayi. Suna kuma kawo tsatsa. A daji, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu. Amma a gari, a sa ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa. Yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa.

Kiwon batir

Zafi abokin gabar batir ne. In zafin wurin da batir yake ya ƙaru da wajen digiri 10, kwanakinsa na raguwa da kusan rabi. Shi ya sa batir ba ya daɗewa a ƙasar Hausa kamar yadda yake daɗewa a ƙasashen sanyi. Kulawa na ƙara masa kwana.

In batir mai murafe ne, a duba ruwansa kowane wata, cikin bazara ma fiye da haka. Ruwa ya rufe faifan darma. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwa na batir, wanda babu gishiri cikinsa. Kada a ƙara asid, don ruwa ne ke ƙafewa, asid na nan. Kada a sa ruwan rijiya. Batir rufaffe, marar murafe, ba a buɗe shi.

Batir na da kai biyu. Mai alamar + ya fi kauri, sau da yawa da jar waya. Mai alamar − shi ke haɗe da jikin mota. In farin gari ko kore ya taru bisa kai, wuta ba ta wucewa da kyau. A wanke da ruwan ɗumi da ƴar kanwa. Yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa, haka take kashe asid. Amma kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. A goge, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. A kuma ɗaure batir kansa, don girgizar hanya na karya faifansa.

In za a cire batir, a fara kwance −. In za a mayar, − ne na ƙarshe. Kada a ajiye sifana bisa batir ta haɗa kai biyu.

Batir na fitar da wata iska mai kama wuta, musamman lokacin caji. Kada a duba shi da ashana ko fitilar kwai. Kada a sha taba kusa da shi. In ruwan batir ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi gidan likita.

In za a ɗauko wuta daga wata mota, ga tsari. Jar waya ta tashi daga + na mataccen batir zuwa + na mai rai. Baƙar waya ta tashi daga − na mai rai zuwa jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. In mota ta tashi, a cire ta baya-baya. In aka juya + da −, dinamo da kwamfutar mota na iya ƙonewa.

Batir cikin gida

A garuruwa da yawa ana haɗa batirin mota da faifan hasken rana, don fitila da cajin waya. Yana yi, amma ba ya daɗewa. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci, a mayar masa nan da nan. In ana shanye shi ƙarƙaf kowane dare, da wuri zai mutu. Batirin da aka yi don hasken rana faifansa ya fi kauri, ya fi jure wannan aiki. Ko wane iri ne, a ajiye shi inuwa, wurin da iska ke shiga, nesa da murhu da yara.

Tsohon batir guba ne. Darmar da ke cikinsa na lalata ƙwaƙwalwar yara, tana kuma kisa. A unguwar Thiaroye, kusa da Dakar ta Senegal, yara 18 sun mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Mutanen wurin na fasa tsofaffin batura ne suna fitar da darma, ƙurar ta cika gidaje. Saboda haka kada a fasa batir cikin gida. Kada a narka darmarsa. Kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko gona. Kada a mai da akwatinsa kwamin ban ruwan kaji ko awaki. A mayar da shi dunƙule ga mai sayar da sabo.

Kafin a kama hanya

Mai tafiya da raƙumi ba ya tashi sai ya shayar da shi, ya duba ƙafafunsa da sirdinsa. Mota ma haka take so. Da safe, tun inji na da sanyi, a duba ruwan lagireto da man inji. A danna fambel a ji ko ya saki ko ya tsattsage. A girgiza kan batir a ji ko yana motsi. A tayar da inji, a bar shi a tsaye har ya yi zafi, a saurara. In fanka ta tashi, ta yi ɗan lokaci ta tsaya, sarƙar lafiya take. In allura ta wuce tsakiya fanka shiru, kada a loda kowa sai an gyara.

Cikin mota a ajiye fis na kowace lamba, da rele ɗaya, da fambel ɗaya, da jarkar ruwa biyu: ɗaya ta inji, ɗaya ta mutane. Kuɗin fis bai kai na kaza ba. Kuɗin inji kuwa sai an taɓa garke.

Fasinja ma na da bakin magana. Wanda ya ga allura ta hau ja, ko ya ji warin ƙuna, ya faɗa wa direba cikin ladabi. Tsayawar minti 30 gindin itace ta fi kwana a daji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.